Fim Bai Ƙare Ba Kuka Kunna Mana Fitila

Ranar Talatar da ta wuce, mu ashirin da shida muka tsaya cirko-cirko a filin ajiye motoci na gidan sinima, cikin duhu, muna tattauna fim ɗin da aka kore mu daga gabansa tun bai ƙare ba. Ban ƙara gishiri ba. Sunayen waɗanda suka yi aikin fim ɗin sun fara hawa allo ke nan, kiɗan ƙarshe ko rabi bai kai ba, sai fitilun ɗakin suka kama gaba ɗaya, wal, kamar an ritsa ɓarayi. Kafin mu gama murtsika ido ga samari biyu sun shigo da tsintsiya da baƙar leda, ɗaya na cewa, "Ku yi haƙuri yallaɓai, wani fim zai shiga." Allon ya mutu. Wata baiwar Allah a gefena hawayen da fim ɗin ya sa ta ma ba ta gama sharewa ba, aka ce ta ɗaga ƙafa za a share ƙarƙashin kujera.

Samarin nan ba ni da ta cewa a kansu, aiko su aka yi. Ba zan bar jaki in daki taiki ba. Da masu gidan nake, kuma yau tura ta kai bango.

Shekara uku ke nan da muka kafa ƙungiyar nan ta masu kallon fim. Ba mu da ofis, ba mu da kati, ba mu da ma'aji. Sau biyu a wata muke haɗuwa, mu zaɓi fim, mu kalla tare, sannan mu zauna mu yi ta musu a kansa. A cikinmu akwai malamar makaranta, akwai direba, akwai ɗalibai, akwai wani dattijo da muke kira Baba, wanda ya fara shiga sinima tun wasunmu ba a haifi iyayensu ba. Da muka je wurin manajan gidan a farkon lamari, abu uku muka nema: ƙaramin ɗakin da ke can ƙurya, daren Talata, da minti talatin bayan fim don mu tattauna. Har bakin ƙofa ya rako mu yana washe baki. Dole ya washe, domin duk mai gidan sinima ya san daren tsakiyar mako dare ne da kujeru ke kallon kujeru. Mu muka cika masa ɗakin da a da mutum huɗu ko biyar ke shiga. Muna sayen tikiti a dunƙule, mu biya tun kafin ranar, ko ruwa ake ko iska sai mun zo. Yanzu da ƙafa ta fara yawa a gidan, an yi mana ungulu da kan zabo.

Minti talatin ɗin nan shi ne ƙungiyar. Wannan ne abin da na kasa cusa wa manajan a kai. Idan kallo kawai nake so, ai ina da waya, ina da talabijin, zan kishingiɗa a ɗakina in kalla, in tsayar in na ga dama, in koma baya in na yi gyangyaɗi. Abin da ke fito da ni daga gida shi ne in ji ɗaki guda ya yi tsit a lokaci ɗaya, sannan in an gama in ji direban nan ya ce matar da ke fim ɗin ta kyauta da ta tafi, malamar makaranta ta ce sam ba ta kyauta ba, Baba ya gyara murya ya tuna mana wani abu da aka nuna a minti na goma wanda dukkanmu ba mu lura da shi ba. Fim yana da zafi kamar ƙarfen maƙera, da zafinsa ake dukansa. In ka fitar da mutane waje, wannan ya tuna ya bar yara, wancan ya hango motar haya, cikin minti biyar taron ya watse, maganar ta huce.

To ina minti talatin ɗin ya tafi? Talla ta cinye shi. An rubuta a tikiti fim zai fara ƙarfe bakwai. Ranar Talatar nan na duba agogo da gangan: bakwai da minti ashirin da huɗu aka fara. Kafin nan mun sha tallar banki, tallar waya, tallar mota, sannan tallar fina-finai shida masu zuwa, waɗanda kowanne sai an rushe gari a cikinsa. Wato mun biya kuɗi an sayar da idanunmu ga masu talla, sannan an zare lokacin daga rabonmu na ƙarshe. Na san yadda harkar take, ba baƙo ba ne ni. Kusan rabin kuɗin tikiti na masu rarraba fim ne, gidan sinima da talla da 'yan sayar-da-kayan bakin ƙofa yake numfashi. Ban ce kada su ci riba ba. Amma idan za ku ci minti ashirin da huɗu a gaba, ku tsara jadawalinku yadda ba za ku zo ku ƙwace namu a baya ba. Lissafi ne da ɗan firamare zai yi.

Da a ce nan abin ya tsaya da na haɗiye. Sai dai shi kansa kallon da suke cewa shi muka biya, ba sa ba mu shi cikakke.

Ku ɗauki hasken allo. Akwai ma'aunin da masana'antar fim ta amince da shi ga majigin zamani, kandela 48 (wato awon ƙarfin haske) a kowace murabba'in mita, kuma da wannan hasken masu fim ke daidaita launin aikinsu kafin su sake shi. Ƙwan fitilar majigi kuwa yana dusashewa ne yayin da yake tsufa, kuma sananne ne cewa wasu gidajen sinima na rage masa ƙarfi don ya daɗe, ko su ƙi canza shi sai ya mutu murus. Ban hau ɗakin majiginsu na auna ba, amma ido ba ya ƙarya. Watanni biyu da suka wuce muka kalli wani fim da kusan rabinsa da dare aka ɗauka. Wallahi kamar ta cikin baƙin mayafi muke leƙe. Akwai wurin da mutum biyu ke faɗa a wani lungu, har aka gama ba mu san wa ya faɗi ba. Da muka fito rabin musunmu a kan wanda ya mutu ne, abin da mai fim ɗin bai taɓa nufin ya zama abin musu ba. Da na koma gida na nemi wurin na sake kallo, ga fuskoki tar, ga wuƙa, ga komai.

Sai kuma daren da aka yanke mana fassara. Wannan kam har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci. Yawancin fina-finan da muke zaɓa da harsunan da ba ma ji aka yi su, saboda haka rubutun da ke ƙasan allo shi ne kunnenmu. Hoton fim kuwa ba fasali ɗaya gare shi ba. Akwai wanda faɗinsa ya ninka tsayinsa sau 1.85, akwai mai 2.39 wanda ya fi shimfiɗa, tsofaffin fina-finai kuma 1.37 ne, sun kusa zama murabba'i. Aikin mai majigi shi ne ya danna tsarin da ya dace da fim ɗin da ya ɗora. Maɓalli ɗaya ne. Ranar nan tsohon fim muka zaɓa, aka bar injin a tsarin fim ɗin da ya gabata, sai hoton ya kumbura ya fi ƙarfin allo: an sare wa 'yan wasa goshi a sama, an haɗiye layi na biyu na fassara a ƙasa. Kana karanta "Na zo ne in gaya maka cewa", sauran kuma yana kan bango, cikin duhu. Na tashi na laluba na fita, na zaga gidan ina neman wanda zan gaya wa. Babu kowa a ɗakin majigi. Yanzu ai kwamfuta ce ke kunna komai bisa jadawali, mutum ɗaya ke lura da ɗakuna da yawa, shi ma yana can ana aikensa wani wuri. Minti goma sha biyar kafin in same shi. Ya zo ya gyara cikin daƙiƙa biyar. Na ce, "Malam, don Allah a mayar mana farko." Ya ce ba shi da izini, jadawali zai rikice. Jadawali dai, jadawali dai. Kamar jadawalin ne ya sayi tikiti.

Kada ma a yi maganar daren da muka hallara gaba ɗaya aka ce fim ɗin "ya ƙi buɗewa". Fim na zuwa gidan sinima ne a kulle, cikin kundin da ake kira DCP, kuma sai da mabuɗin lantarki da ake kira KDM yake buɗewa, wanda ke aiki a kan inji guda, daga rana kaza zuwa rana kaza. Nasu ya ƙare tun daren da ya gabaci ranar, babu wanda ya duba. Abin da za a gane da safe a nemi sabo ta imel, sai da muka zauna a kujeru aka gane. Aka ce mu shiga babban ɗaki mu kalli abin da ake nunawa a can, wai "duk fim fim ne".

Duk fim fim ne! Wannan kalmar ita ta nuna mini inda matsalar take. Mutanen nan ba su san irin abin da suka samu a gidansu ba. Ƙungiyar masu kallo ba sabon yayi ba ne da muka ƙirƙiro don mu dame su. Tun 1920 Louis Delluc, wani mai sharhin fina-finai, ya yaɗa wannan tunani a Faransa, shekara ashirin da biyar kacal bayan 'yan'uwan Lumière sun nuna fim ga masu biyan kuɗi a Paris a watan Disamba na 1895. A 1925 aka kafa irinta a Landan, ita ce ta riƙa nuna wa membobinta fina-finan da gidajen kasuwa ba sa taɓawa. A 1947 Satyajit Ray, shahararren mai shirya fim na Indiya, da abokansa suka kafa tasu a Kalkata, kafin ya taɓa yin fim ko ɗaya, sai a 1955 ya fitar da na farko. Truffaut da Godard, manyan masu shirya fim na Faransa, a irin waɗannan ɗakunan suka yi wayo, suna kallo suna musu har dare ya raba, kafin su ɗauki kyamara. Ban ce a cikinmu akwai mai zama ɗayansu ba, kodayake akwai wata ɗaliba da ke zuwa da littafi tana rubutu cikin duhu, wadda ba zan yi mamakinta ba. Abin da nake cewa shi ne irin waɗannan mutanen ne ke riƙe gidan sinima a lokacin da kowa ya koma kallo a waya. Wanda ya zo don fim ɗin da ake yayi, gobe in yayin ya wuce ba za ka gan shi ba. Mu kuwa muna nan.

Don kada a ce na wanke namu tas, mu ma muna da namu halin. Akwai mutum biyu a cikinmu da ba sa iya minti ashirin ba su haska waya ba, kuma a ɗaki mai duhu hasken waya ɗaya ya isa ya tsone idon layi uku. Akwai mai zuwa bayan an yi rabin sa'a da farawa, ya tattake ƙafafun mutane, sannan shi ne zai fi kowa baki a wurin tattaunawa. Na faɗa musu a gabansu, ina kuma maimaitawa. Amma wannan namu ne, mu za mu gyara, ba kuɗi muka ba su ba.

Masu gidan kuwa kuɗi muka ba su, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Washegarin korar da aka yi mana na koma na sami manajan. Na yi sallama da ladabi, na ce, "Ranka ya daɗe, alkawarin minti talatin fa?" Bai ko ɗago daga kwamfutarsa ba. Ya ce ai ba a rubuce yake ba, kuma fim muka biya, ba zaman ɗaki ba. Na ce to ko fim ɗin ai ba a bar mu mun gama ba, sunaye na tafiya aka kashe. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Haba Malam, wa ke karanta sunaye?" Na ce Baba yana karantawa. Baba ba ya tashi sai suna na ƙarshe ya wuce, yana cewa mutanen nan sun yi shekara suna wahala, ba zai gagare shi ba su minti huɗu ba. Manajan ya ce zai duba. Wannan "zan duba" ita ce ta biyar da na ji daga bakinsa a bana. Kullum gafara sa, ba mu ga ƙaho ba.

Ba wani abin a zo a gani muke nema ba. A rubuta mana lokacin da fim zai fara na gaskiya. Wani ya leƙa ɗakin a minti biyun farko ya tabbatar hoton ya zauna daidai, fassara na fita. A canza ƙwan majigin nan da ya tsufa. A bar fitila a kashe har allo ya yi baƙi da kansa. Rabin sa'ar nan kuma a sa ta a takarda, a sa hannu, tunda ashe maganar baki ba ta da daraja a gidan. Idan ɗakin ba zai samu ba, ai ga barandar sama can da kujeru jibge ba mai zama, a buɗe mana ita.

Na rubuta duk wannan a wasiƙa, mu ashirin da shida muka sa hannu, na kai da kaina ranar Alhamis. Yarinyar da ke kan tebur ta karɓa ta sa a ƙarƙashin wani kwali. Har yau ba kira, ba saƙo. Jiya kuwa sai ga saƙonsu ya shigo wayata, na yi sauri na buɗe: tunatarwa ce cewa mu biya kuɗin tikitin Talata mai zuwa kafin ranar Lahadi, in ba haka ba za a ba wasu ɗakin.