Ni da Ban Taɓa Sha Ba, Ni Aka Ce In Hura

A Milwaki, wani birni a jihar Wiskonsin ta Amurka, idan aka ce za a yi wa mutum walimar ban kwana, ba a tambayar a ina za a yi, sai dai a tambayi wace mashaya. Haka garin yake tun asali. Jamusawan da suka cika shi a ƙarni na 19 da sana'ar giya suka zo, su suka kafa kamfanonin giya irin su Pabst da Schlitz da Miller, har ƙungiyar besbol ta garin ma da sunan masu dafa giya ake kiranta. Ni kuwa Bakano ne da aikin lissafi ya jefo wani ofishin inshora a bakin Tafkin Mishigan, abu mafi ƙarfi da na taɓa kai wa bakina shi ne shayi mai citta.

Wanda za a sallama ɗin ba mutumin da zan iya ƙin zuwa walimarsa ba ne. Teburinsa na jikin nawa. Shi ya koya mini kankare ƙanƙara daga gilashin mota a hunturuna na farko, ranar da ya tarar da ni ɗauke da buta ina shirin watsa wa gilashin tafasasshen ruwa. Shi ke riƙe mini aiki duk Juma'a in na tafi masallaci, bai taɓa yi mini gori ba. Yanzu ya samu aiki a Shikago, abin da 'yan ofis suka ɗauka cin amana ne, don tsakanin mutanen Wiskonsin da na Shikago akwai tsohuwar tsama ta ƙwallon Amurka, su Packers da su Bears.

Na ce wa uwargida walima ce a gidan abinci. Ban yi ƙarya ba, ana sayar da abinci.

"Wane gidan abinci?"

"Na Jamusawa ne, Hajiya."

Ta dube ni tun daga hula har takalmi. "To, Abban yara. Ka dai tuna gobe Asabar, akwai Islamiyya."

Watan Disamba ne, rana kan faɗi tun kafin huɗu da rabi, saboda haka har isha'i na yi kafin in fita. A bakin ƙofar wurin na cire hulata na naɗe ta na cusa a aljihun kwat, na duba gabas na duba yamma, sannan na faɗa ciki da addu'ar kada Allah Ya haɗa ni da idon sani.

Wurin ba mashaya ce kawai ba, a nan ake dafa abin a nan ake shansa. Bayan wani bangon gilashi ga manyan tankunan ƙarfe nan a jere suna ƙyalli, kowanne ya fi ni tsawo, ga bututu na shiga na fita. Ɗakin duk ƙamshin dafaffen hatsi ne mai ɗan zaƙi-zaƙi, kuma abin haushin shi ne ƙamshin ya yi mini daɗi. Mai kula da kwamfutocin ofishinmu, wani mai gemu har ƙirji da ke dafa tasa giyar a ɗakin ƙasa na gidansa, ya ga ina kallon tankunan sai ya zaci sha'awa ce. Ya kama hannuna ya kai ni jikin gilashin ya buɗe karatu. Sha'ir ake jiƙawa har ya tsiro, a busar, a ɓarza, a dama da ruwan zafi, a tace. Ruwan zaƙin nan sai a tafasa shi da wani fure da suke kira hops don ya ba shi ɗaci, a bar shi ya huce, a zuba yis, a rufe mako ɗaya ko biyu. Dusar kuma manoma ke kwashewa su ba shanu. Ya ce Amurka ta haramta giya daga 1920 zuwa 1933, ƙananan masu dafawa suka mutu murus, sai a 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum ya dafa tasa a gida, a 1982 kuma aka buɗe gida irin wannan a garin Yakima na jihar Washinton. Yana faɗa idonsa na ƙyalli. Ni ina gyaɗa kai, a raina ina cewa masu burukutu sun daɗe suna wannan aikin da dawa, ba tanki ba bututu, ba kuma shugaban ƙasar da ya sa musu hannu.

Muka zauna. Mu goma sha wani abu ne a dogon tebur. Mai kawo abincin, wata yarinya mai fara'a, ta zagayo tana rubuta abin da kowa zai sha. Da ta zo kaina na ce lemo nake so. Ta ce, "Kai ne direban tawagar? In kai ne, lemonka kyauta ne, ko nawa ka sha."

Kyauta. Ban tsaya tambayar wace tawaga ba. Na ce ni ne.

Teburin ya ɗauki tafi. Shugabarmu ta miƙo hannu ta dafa kafaɗata ta ce ni mutumin kirki ne. Wasu da suka ce kofi ɗaya kawai za su sha saboda tuƙi na ga sun kira yarinyar sun sake magana. Kwaɗayi mabuɗin wahala, amma a lokacin gani nake na yi ciniki.

Abinci ne ya fara nuna mini inda nake. Daren Juma'a a Wiskonsin daren soyayyen kifi ne, al'adar da suka gada daga Katolika masu ƙauracewa nama ranar Juma'a. Tun daga gida da wannan na dogara, kifi ai ba ya buƙatar yanka.

"Kifi zan ci."

"Ka iya zaɓe. Da giyarmu ta gida muke kwaɓa fulawar da ake soya shi."

"To bari. Miyar cukun nan fa?"

"Da giya ake dama ta."

"Soyayyen cukun?"

"Kwaɓin kifin ne dai."

Tsiran Jamusawa ban ko tambaya ba, na alade ne, an kuma dafa shi cikin giya da albasa kafin a gasa, haramun biyu a faranti ɗaya. Naman da ke cikin burodi an shimfiɗa masa soyayyen alade a kai. Na gangara har ƙasan takardar inda kayan zaƙi suke, ko zan cika cikina da kek. Baƙar giya aka zuba a kwaɓinsa. Yarinyar ta rage murya ta ce in kwantar da hankalina, wuta tana ƙone barasar. Mai gemu ya tsoma baki ya ce ba duka take ƙonewa ba, ya gyara zama zai kawo wani karatun, na ce na gode, na yarda.

Daga ƙarshe aka kawo mini wani lanƙwasasshen burodin Jamusawa mai faɗin sitiyari, an yayyafa masa gishiri tsaba-tsaba, da ɗan kofin mustad a gefe. Na gutsura zan dangwala sai yarinyar ta dawo da gudu ta ɗauke kofin. Shi ma akwai. Haka na zauna ina tauna burodi gaya, kifin mutane na ta ƙamshi hagu da dama.

Lemon da aka ba ni shi ne wanda suke ce wa rut biya, lemon zaƙi ne da har yara ke sha, ba ɗigon barasa a ciki, su ma a nan suke haɗa shi. Sai dai baƙi ne, yana da kumfa fari a sama, kuma a irin kofin gilashi mai mariƙi da kowa ke riƙe da shi aka zubo mini. Da aka gama jawabai, aka ba mai tafiya kyautarsa, wata hular soso mai siffar yankan cuku da 'yan Packers ke sawa, wai ya shiga Shikago da ita in ya isa, shugabarmu ta ce kowa ya ɗaga kofinsa za a ɗauki hoto. Ni ma na ɗaga. Na yi murmushi har kunne, kumfa a gashin bakina.

Lissafin kuɗi bai ɗauki lokaci ba. Wani ya ce a raba daidai, banda mai tafiya, kowa ya ce haka ne. Aka haɗa da haraji, aka ɗora tukuicin kashi 20 cikin ɗari, aka raba. Burodina na dala 12 ya tashi a kan dala 60 da 'yan kai. Ni ma'aikacin lissafi ne, na san kuɗin kofi nawa na biya wa mai gemu, amma ina zan buɗe baki alhali yanzu aka gama cewa ni mutumin kirki ne?

A waje dusar ƙanƙara ta fara sauka. Sienna ce motata, ta iyali, mai kujeru har baya, kafin in buɗe baki ta cika maƙil. Ɗaya gidansa na arewacin gari, ɗaya na yamma, wata kuma ta san unguwarsu amma ta ce sai ta ga gidan za ta gane shi. Mai tafiya ya zauna a gaba da hular cukunsa, rungume da wani tulun gilashi mai cin kusan lita 2 da mai gemu ya sa aka cika masa don guzuri. An rufe shi an naɗe bakin da tef. Muna cikin tafiya mai gemu ya ce daga baya lallai sai an buɗe an shaƙi ƙamshin furen nan, in ba haka ba ba a san abin da aka saya ba. Na ce kada a buɗe. Aka buɗe. A daidai nan fitila ta ba da ja, na taka birki, motar ta ɗan ja da gindi a kan santsi, tulun ya kuɓuce. Rabi a kafet, rabi a wandona har cikin safa.

Mai tafiya ya ce kada in damu, iska za ta busar. Ya sauke gilas ya leƙa kansa waje da hular cuku, ya shiga yi wa Milwaki ban kwana da ƙarfi, titi-titi, har da hawaye. Ba mu yi nisa ba na ga ja da shuɗi na walƙiya a madubi.

Ɗan sandan ya haska tocila, ya sunkuyo, ya ja da baya.

"Malam, nawa ka sha a daren nan?"

"Yallaɓai, ban taɓa sha ba tunda aka haife ni."

Ya haska wandona. Ya haska tulun da ke birgima a ƙarƙashin ƙafar mai hular cuku. Ya ce in fito.

Daga can baya wata murya ta ce in kwantar da hankalina, a Wiskonsin kamun farko ba a lissafa shi cikin manyan laifuka, tara ce da ƙwace lasin na 'yan watanni. Wai lallashina ake yi.

Ya ɗaga biro ya ce in bi shi da ido kada in juya kai. Na bi. Ya ce in yi taku tara a kan layi, diddige na taɓa yatsu, in juyo in sake tara. Takalmin ofis ne a ƙafata, ƙasansa sumul, wandon kuma ya fara daskarewa yana ƙara in na motsa. Ban kai rabi ba ƙasa ta gudu daga ƙarƙashina, na zauna daɓas. Mutanen cikin motar suka yi tafi. Na miƙe ina karkaɗe jiki, hulata ta faɗo daga aljihu, na ɗauka na kifa a kai, don a wannan matsayi ba sauran abin ɓoyewa. Ya ce in tsaya da ƙafa ɗaya. Na ce, "Yallaɓai, don girman Allah kawo abin hurawar nan, mu huta."

Iyakar barasar da doka ta yarda a samu a jinin direba 0.08 ce. Na cika ƙirji na hura har sai da na ga taurari. Ya duba, ya karkata na'urar wajen haske ya sake dubawa. Sifili, ɗigo, sifili, sifili. Ya dubi motar, inda mai gemu ke ƙoƙarin yi masa bayanin irin furen da aka zuba a giyar da ta zube, ya dawo ya dube ni. A fuskarsa na ga tausayi. Ya ce buɗaɗɗen tulu a mota laifi ne, a mayar da shi can ƙarshen baya, mai hula ya shigar da kansa ciki, ni kuma in kai su gida a hankali.

Sha biyun dare ta kusa lokacin da na sauke na ƙarshe. A hunturu Kano na gabanmu da awa 7, wato can gari ya waye, an idar da asuba an ɗauki waya. Ina tsayawa a ƙofar gida saƙon murya ya shigo daga Yaya. Ashe shugabarmu ta ɗora hoton a Facebook ta maƙala sunana.

"Auta, na ga hoto. Ban nuna wa Inna ba. Ka kira ni."

Uwargida na zaune a falo, ita ma wayar ce a hannunta. Ta shaƙi iska sau ɗaya. Ba ta yi faɗa ba. Ta tashi ta ɗauko bokiti da omo da tsumma ta ajiye a gabana, ta ce, "Na Jamusawa ko? Sai da safe, Abban yara."

Na wanke kafet ɗin cikin sanyin nan har yatsuna suka daina ji, na zazzage rabin kwalbar turare a kai. Da safe na leƙa, ba wari ko kaɗan, komai ya daskare. Na yi hamdala, na zuba yara, na biya na ɗauki Baba, wani dattijo daga Damagaram da ya zo duba jikokinsa a maƙwabtanmu, wanda nake ragewa hanya zuwa masallaci duk Asabar. Ya zauna a gaba, daidai wurin, ya fito da carbinsa. Na kunna hita saboda tsufansa.

Kafin mu kai babban titi kafet ya narke. Giya da omo da turare suka tashi tare. Ƙaramar 'yata ta toshe hanci ta ce, "Abba, wani abu ya mutu a motar nan." Baba bai ce komai ba. Ya sauke gilas a cikin wannan sanyin, ya ci gaba da jan carbi. Sai da muka hango masallaci ya yi gyaran murya, ya yi ƙasa da murya don kada yara su ji.

"Ɗana, ƙasar nan akwai jarrabawa. Amma ƙofar tuba a buɗe take."

"Baba, wallahi tallahi ban sha ba. Jiya da daddare ma ɗan sanda ya tsayar da ni ya gwada ni, na hura, bai samu komai ba."

Carbin ya tsaya. Ya juyo gaba ɗaya ya dube ni.

"Au, har ta kai ga 'yan sanda?"