22/7 ɗin nan da muke haddacewa, akwai wanda ya yi gumi a kansa

Ranar Asabar ɗin da ta wuce 'yar yayana da ke aji biyu a ƙaramar sakandare ta kawo min aikin gida na lissafi, wai a nemo kewayen da'ira. Kafin in gama karanta tambayar har ta rubuta 22/7 ta fara ninkawa. Na ce mata Mamana, wannan 22/7 ɗin daga ina ya fito? Ta ce Baffa ai haka Malam ya ce a riƙa sakawa. Wallahi abin ya tsaya min a rai, domin nima haka aka koya min, kuma sai da na girma sannan na san cewa wannan lambar tana da mai ita.

Sunansa Arkimidis, Larabawa na ce masa Arshimidis. Bagirke ne, amma ba a ƙasar Girka ta yanzu aka haife shi ba, a birnin Sirakus ne da ke tsibirin Sisili, wanda yau yake cikin Italiya, wajen shekara ta 287 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mahaifinsa Fidiyas masanin taurari ne. Yawancin mutane in ma sun san shi to da labarin wanka suka san shi, wai sarki Hiyero ya ba maƙeri zinare ya yi masa kambi, ya yi zargin an yi masa algus da azurfa, sai Arkimidis ya gano dabarar aunawa lokacin da ya shiga kwamin wanka ya ga ruwa ya tumbatso. Labari ne mai daɗi amma wani marubucin Rum mai suna Bitrubiyus ne ya kawo shi bayan kusan shekara 200, don haka ni ba a nan nake so mu tsaya ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya tunkari da'ira. Kowa ya san in ka zagaye murfin tukunya da zare, tsawon zaren zai kai faɗin murfin sau uku da 'yan kai, mutanen Masar da Babila sun san haka tun kafin shi. Matsalar ita ce 'yan kan nan nawa ne? Layi miƙaƙƙe yana da sauƙin awo, lanƙwasasshe kuwa ba ya aunuwa da lissafi kai tsaye. Sai ya yi dabara, ya zana siffa mai gefe 6 a cikin da'irar, ya zana wata mai gefe 6 a wajenta, ka ga kenan kewayen da'irar dole ya fi na ciki tsawo kuma bai kai na waje ba, an tsare shi a tsakiya. Sai ya ninka gefunan suka zama 12, suka zama 24, 48, har 96, kowane ninki yana ƙara matse da'irar kamar yadda ake matse ɓarawo a lungu, kuma ka tuna fa mutumin nan ba shi da kalkuleta, ba shi da sifili, ba shi da waɗannan lambobin 1, 2, 3 da muke rubutawa a saukake, da haruffan Girkanci suke rubuta adadi, da hannu ya bi wannan dogon lissafin mataki-mataki.

A ƙarshe ya ce lambar ta fi 3 da 10/71, amma ba ta kai 3 da 1/7 ba. To 3 da 1/7 ɗin nan shi ne 22/7. Ka lura da kyau, shi bai taɓa cewa pai, wato lambar da ake samu in an raba kewayen da'ira da faɗinta, daidai yake da 22/7 ba, cewa ya yi bai kai ba. 22/7 ya kama 3.1428, shi kuwa pai 3.14159 ne da ɗoriya, kuma a 1761 wani masani Lambert ya tabbatar da cewa babu wasu cikakkun lambobi biyu da za ka raba su ba ka shi cif. Amma je ka tambayi ɗaliban da suka gama sakandare, da yawa za su rantse maka pai shi ne 22/7. Mun riƙe lambar mun yar da gaskiyar da ta zo da ita, wato mutum ya faɗi iyakar abin da ya tabbatar ya tsaya a nan.

Wannan ne damuwata da yadda ake koyar da lissafi a makarantunmu. An mayar da shi hadda zalla, a rubuta fomula a allo yara su kwafa, ranar jarrabawa su zubo ta, bayan WAEC ko NECO shikenan an rabu. Yaron da bai da saurin hadda sai ya yanke wa kansa hukunci cewa shi ba shi da kan lissafi, alhali wataƙila shi ne zai fi kowa gane dabarar gefe 96 in da an nuna masa. Na san abin da malamai za su ce, kuma suna da gaskiya: aji ɗaya yara sun haura ɗari, manhaja ta yi tsawo, albashi ba ya kai wa ƙarshen wata, ina lokacin ba da tarihi? Ban raina wannan ba ko kaɗan. Amma abin da nake roƙo bai wuce darasi ɗaya na minti arba'in ba, kuma kayan aikinsa zare ne da murfin kwano da tef ɗin tela, ba sai an jira gwamnati ta kawo komai ba.

Wani zai ce ina ruwanmu da wani Bagirke da ya mutu tun kafin zuwan Musulunci. To malaman Bagadaza ba su ce haka ba. A zamanin Abbasiyawa sun zauna sun fassara littattafan Girkawa, Sabit bin Kurra wanda ya rasu a 901 yana cikin waɗanda suka yi hidimar ayyukan Arkimidis, har akwai rubutun da ake danganta wa Arkimidis wanda ta hanyar Larabci kaɗai ya iso gare mu. Mu ma nan muna da Muhammad al-Kashinawi, mutumin Katsina da ya yi rubutu kan lissafi ya rasu a Alƙahira a 1741.

Mutuwarsa kuwa abin tausayi ce. Romawa ƙarƙashin Marsilus suka yi wa Sirakus ƙawanya, na'urorin da ya ƙera suka daɗe suna hana su shiga, daga baya birnin ya faɗi a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani soja ya kashe shi yana da shekara wajen 75, duk da an ce Marsilus ya ba da umarni kada a taɓa shi. Ya bar wasiyya a sa masa hoton ƙwallo a cikin gwangwani a kan kabarinsa, saboda ya tabbatar da cewa girman ƙwallon kashi biyu cikin uku ne na gwangwanin da ya rufe shi daidai, kuma wannan ne aikin da ya fi alfahari da shi, ba makaman yaƙi ba. Bayan shekara 137 wani ɗan siyasar Rum mai suna Sisero ya zo Sisili aiki, ya nemi kabarin, mutanen garin suka ce su ba su san da shi ba, sai da ya bi cikin ƙaya da ciyawa ya gano shi da wannan alamar.

Ranar dai ban bar yarinyar nan ta tashi ba. Na aike ta kicin ta ɗauko murfin tukunya, muka ari tef a wajen mamanta, faɗinsa ya ba mu inci 10, ta zagaye shi da zare ta miƙe zaren a kan tef ya ba mu 31 da kusan rabi. Ta raba, ta ɗago ta kalle ni. Sai ta koma ta ɗauko faranti, ta ɗauko bokiti, har da murfin jarka, duk amsar tana yawo a kusa da 3.1, ana kiran sallar Magariba tana tambayata ko tayar mashin ɗin babanta ma haka za ta bayar.