Ba dukan ne ya gina ta ba

Wai da an ga matar da ta tsira daga gidan duka ta miƙe tana sana'arta tana dariya, sai kaji ana cewa ai wahalar ce ta gina ta, ta warke kenan. Haba dai. Masana halayyar ɗan adam Tedeschi da Calhoun na Amurka, sun daɗe suna nazarin wannan, sunce ƙarfin yana fitowa ne daga faman da mutum yayi bayan azabar, kuma ciwon kan zauna tare dashi. Zaka ga yanzu ta iya cewa a'a, ta gane masoyanta na gaskiya, amma a buga ƙofa da ƙarfi gabanta ya faɗi, dare yayi kuma barci ya gagara.