Lambar sirri mai fuska shida

Wani abokina malamin lissafi ne ya haɗa ni da 142857, kuma har yau ban gama yafe masa ba. Ya ce in ninka ta da 2, na samu 285714. Da 3, 428571. Da 4, 571428. Alƙaluman nan shida dai su ne, babu baƙo, sai zagaye suke yi kamar 'yan rawa, na gaba ya koma baya, jerin bai lalace ba. Ya tsaga ta biyu ya tara, 142 da 857 suka ba da 999. Ya tsaga ta uku, 14 da 28 da 57, sai ga 99. Nan take na ce wannan ba lambar da za a bari a takarda ba ce, na mai da ita lambar sirrin wayata.

Don ɓarawo ya sha wahala kuma, na ƙara wata dabara: na ninka ta da wani abu kafin in sa.

Washegari waya ta mutu, na kunna, ta ce ba ta san zancen yatsa ba, lamba take so. Na sa 142857, ta ƙi. Na sa 571428, ta ƙi. Abin haushin shi ne kowacce na rubuta sai zuciyata ta ce wallahi ita ce, tunda duk uwarsu ɗaya. Can sai allon ya ce in jira daƙiƙa 30.

Na tuna abokin nan ya ce asalin lambar daga raba 1 da 7 ne, 0.142857 ta yi ta maimaita kanta har abada. To amma kalkuletar tana cikin wayar da ta kulle. Dole na nemo biro, na zauna ina raba-raba da hannu, abin da rabona da shi tun firamare. Ragowar ta fito 3, 2, 6, 4, 5, sannan 1, aka dawo inda aka fara. Ashe sirrin ke nan: ban da sifiri, ragowa shida ce kawai za ta iya fitowa in ka raba da 7, kuma duk sai ta bi ta kansu, shi ya sa lambar ke da fuska shida. Na fahimci lissafi sarai, waya kuwa ko gezau. Na gwada 714285 da 857142, lokacin jira sai ƙaruwa yake yi.

Ina zufa 'yata ta shigo, 'yar aji huɗu.

"Abba, kawo in buɗe maka."

Na ce wannan aikin manya ne. Ta dai karɓa, ta danna tara sau shida, waya ta buɗe.

"Da bakwai ka ninka, Abba. Ina bayanka jiya, har da cewa kai ma ba ka yi zaton 999999 za ta fito ba. Ni da Umma tun daren jiya muke kallon hotuna a ciki."