Ranar da na zama dokta na minti 10

Jama'a kar wanda ya sake kirana ba da jini. Matar Yaya ce ta haihu aka ce a kawo mutum 2 su maye jinin da aka ƙara mata, muka hau trotro daga Aboabo ni da ƙaninta, kun dai san shi, mai hular nan.

A layi bakina ya jawo min. Wata tsohuwa ta tambaya wai in an ɗebi jinin mutum ba ya ƙarewa ne, ni kuma da ɗan karatuna na JHS (ƙaramar sakandare) sai na gyara zama. Na ce Hajiya jini fa ba ruwa ba ne zalla, akwai jajayen ƙwayoyi su ke kai iskar da muke shaƙa ko'ina a jiki, kwana 120 suke yi su mutu ɓargo ya ƙera sababbi, akwai farare sojoji ne masu yaƙi da cuta, sai 'yan mitsi-mitsin nan filatilet masu daskarar da jini in kin yanke. Jikin babba wajen lita 5 ne, leda ɗaya ko rabin lita ba ta kai ba, to tsoron me? Har wani ya ce min dokta. Na amsa fa!

Sai nas ta kira ni. Ba ma babbar allurar ba, ɗan tsinken yatsan nan da ake duba ko jininka ya isa. Ta matsa, ɗigo ɗaya ya fito jajawur, na kalle shi ya kalle ni. Farkawa na yi na ga silin, ƙafafuna a kan kujera, takalmi ɗaya babu, tsohuwar nan tana min fifita da katin asibitinta tana cewa "sannu dokta, sojojin ne suka gudu?" Layi kaf dariya har da mai gadi.

Amma wallahi duk wannan bai ƙona min rai kamar mai hular ba. Shi da tun safe bai ce uffan ba ya ba da ledarsa lafiya lau, aka ba shi Milo ya shanye, wanda nas ta kawo min don tausayi kuma ya karɓa wai zai riƙe min. Mutumin da sidi 50 ɗina ke wurinsa tun babbar sallah! Kafin mu iso Zango ya gama buga waya, yaran layinmu yanzu dokta suke kirana.

Takalmin a ƙarƙashin benci aka samo shi. Yaya dai har yanzu yana neman mutum na biyu.