Masu Abincin Bakin Titi Sun Fi Buƙatar Ruwa da Rumfa Fiye da Kora

Da yawa daga cikin abincin da manyan birane suke tinƙaho da shi a yau baƙi ne suka kawo shi, kuma a bakin titi ya fara samun karɓuwa kafin ya shiga gidajen abinci masu tebur da kujera. A Berlin, inda nake zaune, Turkawan da suka zo aikin masana'antu bayan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata ta 1961 tsakanin Jamus ta Yamma da Turkiyya su ne suka yaɗa döner kebab a farkon shekarun 1970. Mai sayarwa yana tsaye gaban tulin nama da ke juyawa a jikin ƙarfe, yana shafto gefen da ya gasu da doguwar wuƙa, ya cusa a cikin burodi da kabeji da albasa, sannan ya tambaye ka ko kana son yaji. Irin wannan gashi ne Labanawa suka kai Meziko, inda ya rikiɗe ya zama tacos al pastor, sai dai can naman alade ake amfani da shi, don haka Musulmi matafiyi ya yi tambaya kafin ya miƙa hannu. A Biyetnam kuwa, dogon burodin da Faransawa suka bari ne ya haifar da banh mi, wato burodin da ake cusa wa nama da kayan lambu.

Abin da ya bambanta biranen nan, a ganina, shi ne yadda hukumominsu suke riƙe waɗannan bayin Allah masu sayar da abinci a bakin titi. Singafo ta fara da yi musu rajista a ƙarshen shekarun 1960, sannan daga 1971 zuwa 1986 ta kwashe su daga kan tituna ta mayar da su cibiyoyin da ta gina musamman, masu ruwan famfo da wutar lantarki da magudanar ruwa da wurin zubar da shara. Yau akwai irin waɗannan cibiyoyi sama da 100, inda Basine da ɗan ƙabilar Malay da Ba'indiye suke dafa abinci rumfa kusa da rumfa, kuma a Disambar 2020 hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada cikin gadon al'adun duniya. Tsarin yana da nasa rauni, domin masu sana'ar sun manyanta kuma matasa ba sa rububin gadonsu saboda tsayuwar yini guda gaban wuta, amma dai babu wanda yake dafa abinci yana waiwayen motar jami'ai.

Bangkok, babban birnin Tailan, ta ɗauki wata hanyar daban. Bayan juyin mulkin 2014 hukumomin birnin sun tashi masu talla daga wurare da yawa da sunan gyara hanyar masu tafiya a ƙasa, alhali kuwa abincin nan na cikin abin da yake jawo wa ƙasar masu yawon buɗe ido, har ma wata dattijuwa mai sayar da irin wannan abinci, mai suna Jay Fai, ta sami tauraron Michelin, lambar yabon da ake ba fitattun gidajen abinci, a ƙarshen 2017. Wannan korar ta yi mini zafi, domin wanda ya fi cutuwa shi ne leburan da ba shi da murhu a ɗakinsa, wanda farantin safe da na dare duk a wajen mai talla yake samu.

Masu goyon bayan kora sukan kafa hujja da tsafta, kuma hujjar tana da nauyi, tunda gurɓataccen abinci yana kwantar da mutum har ya kai shi kabari. Amma mai tallar da yake cikin fargaba ba zai sayi firji ko tankin ruwa ba, saboda ya san gobe ana iya ƙwace su. Indiya ta gane haka a 2014, lokacin da ta yi dokar kare masu talla wadda ta tanadi rajista da wuraren kasuwanci, duk da cewa aiwatarwar tana tafiyar hawainiya. New York kuwa ta ƙayyade yawan lasisi tun 1983, lamarin da ya sa masu kekunan kaza da shinkafa na halal, waɗanda direbobin tasi Musulmi suka fara ɗaga kasuwarsu, da yawansu suka koma hayar lasisi a bayan fage da tsada. Sai a 2021 majalisar birnin ta amince a riƙa ƙara yawan lasisin sannu a hankali.