Kansas 1854: majalisa ta zame wuya, bindiga ta karɓi shari'a

Ana yawan kafa hujja da cewa duk lamarin da ya gagari shugabanni a mayar wa jama'a su jefa ƙuri'a a kai. Maganar na da daɗin ji. Sai dai abin da ya faru a yankin Kansas na Amurka ya ishe ni shaida cewa akwai lamarin da miƙa shi ga akwatin zaɓe gudun nauyi ne, musamman idan waɗanda abin ya shafa ba su da ƙuri'ar.

Tun da Amurka ta sayi yankin Louisiana daga Faransa a 1803, kowace sabuwar ƙasa da ta shigo hannu da rigimarta take zuwa: za a yi bauta a cikinta ko ba za a yi ba? A 1820 aka sasanta, Missouri ta shigo a matsayin jiha da bayinta, aka ja layi aka haramta bauta a sauran yankin da ke arewa da shi. Sulhu ne mai muni, amma ya riƙe ƙasar fiye da shekara 30. A 1854 Sanata Stephen Douglas na Illinois, wanda hankalinsa ke kan buɗe yamma da shimfiɗa layin dogo, kuma yana bukatar ƙuri'un sanatocin Kudu, ya kawo dokar Kansas da Nebraska. Dokar ta goge layin, ta ce mazauna yanki su zaɓa da kansu.

To su wane ne mazaunan? Duk wanda ya riga isa. Masu adawa da bauta daga arewa maso gabas suka kafa kamfanin tura baƙi, masu bayi na Missouri kuwa iyaka kawai za su tsallaka. A zaɓen 30 ga Maris 1855 suka kwararo da makamai, tsohon Sanata David Atchison na cikin masu zuga su. Ƙidaya ta nuna masu 'yancin zaɓe ba su kai 3,000 ba, amma aka samu ƙuri'u sama da 6,000. Majalisar da wannan maguɗi ya haifa ta yanke hukuncin kisa ga mai taimakon bawa ya tsere, da ɗauri ga wanda ya furta cewa bauta ba ta halatta a Kansas ba. Shugaba Franklin Pierce ya amince da majalisar. A nan laifin gwamnatin tarayya ya fi girma a wurina, domin da ta sa wa maguɗi hatimi, masu adawa da bauta da aka zalunta suka kafa tasu gwamnatin a garin Topeka, yanki ɗaya ya koma mai hukuma biyu.

Mako guda na watan Mayun 1856 ya nuna inda aka dosa. Ranar 21 masu goyon bayan bauta suka far wa garin Lawrence, matattarar masu adawa da bauta a Kansas, aka ƙona otal, aka lalata injinan buga jaridu. Washegari ɗan majalisa Preston Brooks na Kudu ya lakaɗa wa Sanata Charles Sumner, mai adawa da bauta, duka da sanda a zauren majalisar dattawa har ya suma. Kwana biyu bayan haka John Brown, mai tsananin adawa da bauta, da mutanensa suka fito da mutum biyar na ɓangaren masu bayi daga gidajensu a Pottawatomie cikin dare suka kashe su. Ba na wanke Brown daga wannan jini. Amma wanda ya rubuta dokar da ta mayar da yanki filin rige-rige shi ma yana da kaso.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne waɗanda ba a tambaya ba. Ƙasar da ake rabon tana hannun ƙabilun 'yan asalin Amurka na Delaware da Shawnee da Kickapoo, waɗanda aka kora can daga gabas da alkawarin za a ƙyale su, sannan a 1854 aka sa su sallama mafi yawanta. Bawan da ake ƙuri'a kan wuyansa ba shi da ta cewa. Hatta ɓangaren Topeka, da ake yi wa kallon masu gaskiya, sun zaɓi a hana baƙar fata 'yantattu zama a Kansas. Da yawansu gonar suke so wa farar fata, ba 'yancin bawa ba.

Douglas ya yi abin a yaba a 1857 da ya bijire wa Shugaba James Buchanan kan tsarin mulkin Lecompton da masu bayi suka rubuta wa Kansas, amma ihu ne bayan hari. Jam'iyyarsa ta Democrat ta tsage, jam'iyyar Republican da fushin 1854 ya haifa ta kai Abraham Lincoln mulki a zaɓen 1860. Kansas ba ta zama jiha marar bauta ba sai ranar 29 ga Janairun 1861, bayan sanatocin jihohin Kudu da suka ɓalle sun fice daga majalisa.